Wutar Makarantar Kawu Sule

Daren Talata, Aboabo

Da safe: gyaran wayar wutar makarantar Kawu Sule.

Na bi komai a tsanake, amma wuta ta ja ni har na faɗo daga kan benci. Kawu ya ce, "Hamisu, bari haka nan, zan kira mai gyara daga unguwar Dichemso." Na ce, "Kawu, wallahi ba mai taɓa wayar nan sai ni."

Na sake hawa bencin, na ci gaba da aiki. Da magariba fitilu suka kama. Ɗalibai suka ɗauki kabbara, jikina ya ɗau tsuma fiye da na safe. Wataƙila ni ba gwani ba ne, amma da haskena suke karatu yanzu.

Gobe:
- fankar ajin mata
- makunnin ofis
- tambayar Kawu labarin mai gyaran nan na Dichemso, ko na koyi wani abu a wurinsa