Kalma Biyu a Bayan Kwalin Faifai

Assalamu alaikum Kawu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwar nan, ya sa sanyin wajenku bai tsananta maka ba. Mu nan kowa lafiya. Mama ta koma aiki. Na karɓi takardar shaidar kammala karatuna ranar Litinin, na kai takardun neman aiki wuri uku, har yanzu shiru. Iya tana cin abinci sosai, sai dai kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ma likita ya ce raguwa yake yi. Dalilin da ya sa na yi gaggawar wannan wasiƙa ke nan.

Ka tuna tun rasuwar kakanmu Malam, Iya ba ta da magana sai ta busar mijin nata. Ta ce shekara talatin yana koyar da ƙahon nan mai zugewa, turambon, a makaranta, amma ko minti ɗaya na sautinsa ba a bar mata ba, kuma tana so ta ji kafin kunnen ya rufe. Da na gama jarrabawa ta kira ni, ta ce tunda ni ce Mai Biro, mai rubuta har yawan cokulan gida, in je in nemo faifan da aka ɗauka a gidan rediyo lokacin kuna ɗalibai. Na ce to, ban san abin da na ɗauko wa kaina ba.

Sau huɗu na je gidan rediyon. Ɗakin ajiyarsu yana ƙasan bene, fanka ɗaya, kantoci har rufi. Sau uku ana duba sunan Malam a rajista ba a samu ba. A zuwa na huɗu wata ma'aikaciya ta haɗa ni da tsohon ma'ajin wurin, wanda suke kira Mai Makulli, ya yi ritaya amma ya kasa daina zuwa. Shi ya hau tsani ya sauko da wani kwali daga kantar makarantu. A gaban kwalin an rubuta sunan makarantarku, da kwanan wata na shekara arba'in da ɗaya da ta wuce, da cewa masu busa shida ne. A bayansa kuma, da jan biro, kalma biyu kacal: “Ba Malam”.

Kawu, a nan kaina ya ɗaure. Ni da na gani, abin da na karanta shi ne a ba Malam, wato a miƙa masa. Mai Makulli ya yi dariya ya ce ni yarinyar yanzu ce, shi ya karɓi kwalin da hannunsa, kuma abin da ya karanta shi ne babu Malam a ciki, shi ya sa bai sa shi a ƙarƙashin sunansa ba. Na tambaye shi ko wani ya faɗa masa hakan, ya ce a'a, rubutun ne ya faɗa masa. Ma'aikaciyar ta duba ta ce duka biyun daidai ne, sai dai a tambayi mai biron. Muka yi kusan rabin awa mu uku muna faɗar kalma biyu, kowa da irin muryarsa, har masinja ya leƙo ya tambaya wane malamin ne ba ya nan.

Sun juye mini sautin a waya, suka kuma ba ni kwafi a faifai. Tsawonsa minti ashirin da uku da daƙiƙa goma, waƙa huɗu. Na saurara sau goma sha ɗaya. Wani lokaci ina ƙirga ƙaho shida, wani lokaci bakwai, musamman daga minti na huɗu, inda wata murya mai kauri take shigowa ta ƙasa. Ni ba busa na karanta ba, ina tsoron kunnena yana ba ni abin da nake so ne.

Sai na nemi abokan busarka. Biyu sun rasu, ɗaya ba a san inda yake ba. Na sami Dogo a garejinsa, ya fito daga ƙarƙashin mota ya saurara da hannu duk baƙin mai. Ya rantse cewa a makon an cire wa Malam haƙori, kumatu a kumbure, bai iya busa ba, tsayawa ya yi a gaba yana kaɗa muku fensir. Washegari na je wurin Telan bakin kasuwa, shi ma ya rantse cewa Malam ya busa, yana zaune a ƙarshen layi kusa da ƙofa. Da na faɗa masa abin da Dogo ya ce, sai ya ce Dogo tun yana yaro ba ya iya ƙirga hutu huɗu a tsakiyar busa, balle shekara arba'in. Da na koma, Dogo kuma ya ce in tambayi Tela wa ya shigo kafin lokaci a waƙa ta biyu. Abu ɗaya suka yarda a kai: muryar ƙasan nan irin ta Malam ce sak. Sai dai Dogo ya ce ai dukanku haka ya koya muku jan numfashi, kowa a cikinku zai iya yin ta, kai ma ka fi kowa kwaikwayonsa.

Na so in fara tambayarka in jira amsa, amma Mama ta ce kunnen Iya ba zai jira mu ba. Jiya da hantsi na sa mata a kunnen dama. Ta saurara har minti huɗu da daƙiƙa shida, sai ta kama hannuna ta ce ga shi nan, ko a cikin mutum ɗari za ta gane shi. Ta sa na maimaita wurin sau biyar. Sannan ta tambaye ni me aka rubuta a kwalin. Kawu, ka san ni ba na iya faɗar abin da ban tabbatar ba. Na miƙa mata hoton kawai, ta sa tabarau, ta karanta, ta ce to me ya hana su kawo masa tun tuni.

Abin da ya sa na rubuto maka shi ne, na gwada rubutun da na tsofaffin wasiƙunka da ke akwatin Mama. Yadda kake lanƙwasa harafin farko na Malam, shi ne a kwalin. Ina ganin kai ne mai jan biron. Don Allah ka gaya mini me ka nufa, kuma shida ne ko bakwai. In “a ba Malam” ka nufa, ka kira Iya ka faɗa mata da ƙarfi, ta kunnen dama. In “babu Malam” ne, ka rubuto mini ni kaɗai, kada ka bi ta wayar Mama, don a buɗe take sa murya. In kuma ka manta, ka faɗa mini hakan ma, zan rubuta cewa an manta.

Ka gaida Anti, da Babban Yaya, da 'yan biyu, da Auta mai kukan wanka. Mama da Iya da Baffa suna gaishe ku. Kwafin da aka ba ni, Iya ta sa na buɗe akwatin ƙahon Malam na ajiye a ciki, ta ce saƙo ne, a kai wa mai shi. Don haka in bayarwa ka nufa, Kawu, an ba Malam.

Taka 'yarka,
Mai Biro