Allurar Barcin da Na Ƙi Cikawa

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya karatun jinya? Ni lafiya lau, sai dai an ɗan dakatar da ni daga ɗakin tiyata.

Wata baiwar Allah aka kawo, kilo ɗari da sittin. Babban likita ya ce in auna mata allurar barci daidai da nauyinta duka. Na ce, "Ranka ya daɗe, kitse ba tsoka ba ne, zuciyarta ba za ta ɗauka ba." Na duba tsayinta, na auna da nauyin da ya dace da shi, na rage allurar, na riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ta farka tana neman mijinta.

Shugabannin asibiti sun ce tunda na saɓa wa babban likita, sai na rubuta takardar ban haƙuri kafin in koma. Su yi ta jira. Ke ma in kin fara aiki, ki dubi mutum, ba sikeli kaɗai ba.

Kada ki gaya wa Inna tukuna, ki ce dai ta sa ni a addu'a.

Yayarki