Dutsen Unguwar Gai da Na'urar Sakinatu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni ce Saude mai sayar da yadi a kasuwar Rano, 'yar Malam Gwadabe na Unguwar Gai, matar marigayi Alhaji Mahdi. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina kuma yana tare da ni sarai, ƙafafu ne kawai suka ƙi. Malam Abdurrahim limamin unguwarmu da ƙanena Ɗantala sun ji abin da ke ciki, su ne shaiduna. Zuwa ga 'ya'yana Ismail da Baballe da autata Sakinatu.

Na farko. Rabon gado ba nawa ba ne, Malam zai raba muku yadda Allah ya tsara. Ba wanda ke bina bashi. Akwai dai atamfa turmi biyu a ƙasan akwatina, ajiyar maƙwabciyata Sharifa ce, a mayar mata kafin a taɓa komai. Keken ɗinkina na Sa'adatu matar Baballe ne. Tun da na kwanta ita ke juya ni, ita ke yi mini alwala, ban taɓa ganin ta ɓata fuska ba.

Na biyu, shi ne ma ya sa na ɗauki biro. Falalen dutsen da ke gabashin gonar da na gada a Unguwar Gai, da ɗan ɗakin da ke kansa, na yi waƙafinsu saboda ilimi. Malam ya duba, ba su kai sulusin abin da na mallaka ba. Ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a ba masu fasa dutse haya.

Ismail, na san inda wannan zai taɓa ka. Motarka ta tsufa, hanyar Kano ta cinye ta, iyalinka na ƙaruwa, masu nakiya kuma sun yi maka tayi mai kyau. Ban ga laifinka ba. Amma ka saurari abin da ke cikin ɗakin nan, don ba ka taɓa zama an yi maka bayani ba.

Shekarar da ƙasa ta motsa a Abuja har mutane suka fito daga gidajensu a guje, Sakinatu ta zo da abokan aikinta daga jami'a. Ta ce sun kasa cewa ga daidai inda motsin ya taso, saboda na'urorin da ke sauraren ƙasa sun yi kaɗan. Suna neman dutse mai tushe, nesa da titi da injin niƙa. Na ce ga na ubana. Suka kafa wani abu kamar tukunyar ƙarfe, suka gina masa ɗaki, suka ɗora sola a kai.

A kan dutsen nan muka zauna da ita da la'asar, na ce ta gaya mini da Hausa. Ta ce, "Inna, kin san walƙiya kan riga tsawa isowa. In tsakaninsu ya yi tsawo, hadarin yana nesa. To ƙasa ma in ta tsage can ciki, girgiza biyu take aikowa, mai sauri da mai nawa. Ratar da ke tsakaninsu ke faɗa mana nisan wurin. Na'ura ɗaya nisa kawai ta sani. Sai an haɗa ta da wasu a garuruwa dabam-dabam sannan a ce ga wurin." Na tambaye ta ko ƙasar lokaci guda take darewa. Ta ɗauki ƙyallen da ke cikin jakata ta ce in yaga yadda nake yi a kasuwa. Na ɗan tsaga bakinsa, na ja, ya tafi ƙiii har ƙarshe. Ta ce, "Haka take yi. Daga wuri ɗaya take farawa ta ruga. Ni abin da nake nema shi ne inda ta fara, da abin da ya tsayar da ita." Nakiya ɗaya a kusa, in ji ta, ta isa ta kurmantar da na'urar.

Daga nan ta tafi Turkiyya ƙarin karatu. Kun tuna lokacin babbar girgizar can, da muka yi kwanaki wayarta ba ta shiga. Da ta kira, muryarta a dushe. Ta ce tana bin tsagar ƙasar da ƙafa, ta ga titin da ya rabu biyu, rabi ya goce gefe, ta ga gonar zaitun da layukanta suka karkace. Ta ce har tukunyarmu ta Unguwar Gai ta ji girgizar. Na riƙa tunanin irin wannan nisa, dutsen ubana ya ji abin da ya sami inda 'yata take tun kafin ni in ji.

Da can Sakinatu ta hana ni matsawa kusa da ɗakin, wai takun mutum na ɓata musu aiki. Bayan wannan sai ta ce, "Inna, duk Juma'a in kin je gona ki buga ƙafa a bakin ƙofar, zan gani a nan." Baballe kan kai ni a babur yana mini dariya, in buga, in zauna in ci gyaɗata, in dawo. Da ciwon nan ya kwantar da ni na ce kada wanda ya gaya mata. Ba a yi nisa ba ta bugo wa Baballe ta ce, "Yaya, me ya sami Inna? Ban ga ƙafarta ba."

Na uku. Baballe, makullin ɗakin yana hannunka. Ka riƙa goge sola, ka sare ciyawa kafin lokacin ƙunar daji, ka roƙi Fulanin da ke kiwo wajen su zagaya da shanunsu ta yamma kamar yadda suka saba. Mutanen kirki ne, magana mai daɗi ta ishe su.

Na huɗu. Ismail, tun rasuwar mahaifinku ba ka ɗaga wayar ƙanwarka ba, don ba ta zo ba. Tana cikin duwatsu inda ba waya, sai bayan an yi bakwai labari ya same ta. Ni na ji kukan da ta yi, kai ba ka ji ba. Ina so wannan gabar ta riga ni tafiya. Ke ma Sakinatu, da kika ce masa bai san komai ba sai sitiyari, sitiyarin nan ne ya kai ki makaranta. Ki ba shi haƙuri, ke ce ƙarama.

Na biyar, naki ne ke kaɗai. Ban ce ki bar aikinki ba. Na ga hotunan gidajen da suka rufta kan mutane, na san ba wasa ya riƙe ki ba. Amma ina kewarki, auta. Damina huɗu ban ga fuskarki ba sai a gilashin waya, shi kuwa ba ya ƙanshin mutum. Wani lokaci in an yi sallama a zaure da muryar mace sai in gyara ɗankwali. Na ɗinka miki riga da shuɗin yadin nan da kika taɓa yabawa, ban yi mata kalmasa ba don ban san ko kin rame ko kin yi ƙiba ba. Sa'adatu za ta ƙarasa in kin gwada. Kin ce za ki zo bayan girbi. Ina roƙon Allah ya kai ni, in kuwa bai kai ni ba, na yafe miki duniya da lahira.

In ta Allah ta kasance kafin ta iso, kada a jira kowa, a kai ni makwancina da wuri. Amma ranar da jirginta zai sauka Kano, Ismail, kai za ka je da motarka, ba yaron mota ba. Ka ɗauki jakarta da hannunka. Kada kowa ya ce mata ta makara.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya zuriyarku, ya sa ku ci a kwano ɗaya bayan ba ni. Ku riƙe sallah, ku riƙe juna, ku sa ni a addu'a.

Mahaifiyarku,
Saude.