Fankar da ba ta lalace ba

Daren Laraba, Zinder

Barci ya ƙi zuwa. Da hutun rana a lekol, makarantarmu, mu malamai mata muka taru kan salular Hadiza muna kallon wani ɗan fim na barkwanci da samarin Takieta suka yi. Wata bazawara ce mai shekaru kamar nawa, kullum tana kai wa wani gwauro mai gyara rediyonta, alhali lafiyar rediyon ƙalau. Na yi dariya tare da kowa.

Hadiza ta ce, "Gandan-gandan da ita, ko kunya babu!" Ni take kallo ko taga, ban sani ba. Mariama ta ce ita tausayi matar ta ba ta, sannan ta ƙara wadda ta tsaya mini a rai: "Ai tun zuwan farko mai gyara ya gane. Sana'arsa ce fa."

Ke nan Malam Abdu mai gyaran kayan lantarki ya sani. Duk zaryar da nake yi da fankata zuwa rumfarsa tun farkon bazara, ya san ni ce ke zare mata waya. Wayyo Allah, da wane ido zan dube shi?

Amma kuma bai taɓa ce mini, "Madam, ki bar wahalar da kanki" ba. Kujera yake jawo mini, ya yi ta gyara a hankali har la'asar.

Zafi kamar ya kashe ni. Ga fankar can bakin ƙofa, tun jiya na zare mata wayar.