Yayen Hadiza

Argungu, daren Talata, 1987

Yau na dawo daga asibiti a Birnin Kebbi. Likita bai ɓoye mini ba. Ya ce ƙullutun da ke nonona na hagu ciwon daji ne, sai na je Sakkwato an cire nonon gaba ɗaya. Ya ce in yaye Hadiza tun yanzu, ɗiyar da ko tafiya ba ta fara ba.

Da la'asar Innata ta zo daga Gulma, ta dube ni ta ce, "Ba ni ɗiyar nan, ke ki ji da kanki." Na roƙe ta in ba ɗiyar nono na ƙarshe. Hadiza ta sha tana wasa da ɗan kunnena har barci ya ɗauke ta. A haka Inna ta goya ta suka fita.

Na yi isha'i ban san abin da na karanta ba. Rigata duk ta jiƙe da ruwan nono. Ya Allah, ka bar ni ko da har ta iya gane ni ta riƙe fuskata. Na san yanzu ta farka a Gulma, tana lalubena cikin duhu.