Na'urar da Garrett Ya Kafa a Bango

Thunder Bay, Oktoba

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taka? Ina fata kana shan magani ba sai ma'aikatan gidan tsofaffin sun tsaya a kanka ba. Tunda ka ce in na kira ka a salula ba ka jin komai sai kamar kukan ƙudan zuma, na koma takarda. Mu nan lafiya. Jikarka Tessa ta shiga aji huɗu, ƙirjin nata kuma da sauƙi bana.

Akwai labarin da na san ba zai yi maka daɗi ba. Ka tuna zagayayyen ma'aunin ɗumi mai murɗawa da ka kafa mana a bangon falo, shekarar da ka sa mana injin ɗumama gida a ɗakin ƙasa? Mijina Garrett ya cire shi ranar Lahadi. Ya sayo wata baƙar na'ura mai gilashi kamar fuskar salula. Wai tana lura da lokacin da mutane ke gida da lokacin da suka fita, ta rage ɗumi ko ta ƙara da kanta, kuma Garrett yana iya juya ta daga salularsa ko yana ina.

Da ya ɓalle tsohon, sai ga wayoyi huɗu sun leƙo daga ramin: ja, fara, koriya da rawaya. Ya duba takardar kamfani, ya ce sabuwar tana buƙatar ta biyar, wadda za ta riƙa ba ta wuta dare da rana. Ya fara ƙunƙuni wai sai an fasa bango. Na ce, "Jawo a hankali ka gani. Baba ba ya sa waya daidai wa daida, kullum sai ya bar saura." Ya jawo, sai ga shuɗiya naɗe a baya. Ya ce, "Tsohon naki dai." Iyakar yabon da ka samu ke nan, ka karɓa da haƙuri.

Na ce ya sa mini ita a salulata ni ma. Ya ce, "Ke da ko agogon mota ba ki iya saitawa? Bar wannan a hannuna." Ya yi dariya, ni ma na yi, saboda Tessa tana kallonmu.

Naka ya jefa shi a kwandon shara. Na ciro shi na ajiye a durowar kicin.

Ka huta lafiya.
'Yarka,
Ilona

Thunder Bay, Disamba

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan sanyin bana bai taɓa ka ba. Na gode da safar da ka sa aka aiko wa Tessa. Ka yafe mini shirun da na yi, ban san ta inda zan fara ba ne.

Garrett ya bar gidan tun tsakiyar Nuwamba. Ni na ce ya tafi. Kada hankalinka ya tashi, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Na dai gaji da zama da mutumin da sai na ba shi bayanin inda na tsaya in na makara daga kantin magani da nake aiki, da wanda na gaisa da shi a hanya. Ya kama ɗaki a ɗaya ɓangaren garin. Tessa tana zuwa wurinsa ƙarshen mako, kuma lauyoyi sun shiga maganar wanda zai riƙe ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, gidan ne. Tun da ya tafi ɗumin ya rikice. In dawo daga aiki da yarinya, mu tarar da falo kamar cikin firji, sai mu ci abinci da rigunan sanyi a jikinmu. Wani lokacin kuma ina tsakar girki sai injin ya tashi ya ƙi tsayawa, har mu buɗe tagogi ga dusar ƙanƙara tana shigowa. In na taɓa gilashin na'urar sai ta nemi lambar sirri.

Na kira mai gyara. Ya sauka ɗakin ƙasa ya daɗe, ya hau yana goge hannu. Ya ce, "Injinki ƙalau yake, duk wanda ya kafa shi ya san aikinsa. Abin da na'urar ta ce masa shi yake yi. Wa ke da lambar?" Ya ce zai iya canza mini ita, amma sai bayan sabuwar shekara, mutanen da injinsu ya mutu gaba ɗaya sun cika layi.

Na kira Garrett. Muryarsa a sanyaye, har da tausayi. Ya ce, "Lambar? Ai na ba ki tun Oktoba. Ilona, kwanan nan kina yawan mantuwa. Kina barci kuwa?"

Baba, bai ba ni ba. Na kusa tabbata bai ba ni ba. Amma na zazzage jakata da durowa ina neman takardar da wataƙila na rubuta. Jiya kuma lauyata ta nuna mini abin da lauyansa ya aiko: wai ina barin yarinya mai ciwon ƙirji a gida mai sanyi, wai ita da bakinta ta gaya wa babanta da hula take kwana. Gaskiya ta faɗa, da hula take kwana.

Ka yi shekara talatin kana wannan aikin. Na'ura tana iya haukacewa haka ita kaɗai?

Ina kewarka.
Ilona

Thunder Bay, Janairu

Zuwa ga Babana,

Barka da sabuwar shekara, Allah ya ƙara maka lafiya. Wasiƙarka ta iso, da zanen da ka yi a bayanta. Na ga yadda layukan suke karkarwa, na san hannun ya wahala. Layin farko da ka rubuta na karanta shi a tsaye bakin akwatin wasiƙa: "Na'ura ba ta haukacewa, mutum ne a bayanta, kuma kin san shi." Na sani, Baba. So nake wani ya faɗa ba ni ba.

Kafin wasiƙar ta iso an yi wata Asabar da ba zan manta ba. Tessa tana wurin babanta, sanyi a waje ya kai digiri talatin ƙasa da sifiri. Da hantsi injin ya yi shiru. Na kira Garrett bai ɗauka ba. Can sai injin ya tashi, har na ji iska mai ɗumi a ƙafata, kafin in cire safar hannu ya mutu. Ya sake tashi, ya sake mutuwa. Haka aka yi ta yi kamar ana wasa da makunnin fitila, daga baya aka kashe gaba ɗaya. Maƙwabciyata Doreen ta leƙo ta ga numfashina yana hayaƙi a cikin falo, ta ce, "Taso mu je gidana, 'yar nan, ga miya a wuta." Na ƙi, ina tsoron kada bututun ruwa ya daskare ya fashe ba kowa. Na bar famfuna suna ɗiga kamar yadda ka koya mini, na zauna a kicin cikin bargo. Ranar Lahadi da la'asar, daf da lokacin dawo da yarinya, ɗumi ya dawo. Da Garrett ya tsaya bakin ƙofa gidan har ya yi daɗi. Ya ce, "Kin gani? Na'urar lafiyarta lau."

Na bi zanenka. Na fara sauka ɗakin ƙasa na kashe makunnin injin, na dawo na ga gilashin ya yi baƙi. Na ɗauki hoton wayoyin kafin in taɓa su, Doreen tana riƙe mini da tocila. Na kama na'urar na ja, ta ɓallo a hannuna, ba ta fi murfin kwalba nauyi ba. Wannan abin ne ya hana ni barci wata biyu.

Ka rubuta cewa ja ita ce ke kawo wuta, fara ita ce ke kiran ɗumi, kuma duk aikin ma'auni bai wuce ya haɗa su in gida ya yi sanyi, ya raba su in ya yi ɗumi ba. Koriya ta fanka ce, rawaya ta sanyaya gida da bazara. Na mayar da su huɗun a kan tsohon naka, kowace a gurbin da ke da harafinta, na ɗaure da sukuddireba. Shuɗiyar na naɗe bakinta da salatif na tura ta cikin bango. Farar ta kuɓuce mini ta kusa faɗawa ramin. Doreen ta ce, "In ta faɗa, ke za ki bi ta, ni dai na tsufa."

Na kunna makunnin, na murɗa zuwa ashirin da ɗaya. Ya yi ƙas. Daga ƙasa na ji injin ya ja numfashi ya kama. Na zauna a kan matakalar bene na yi kuka, Doreen ta shige kicin ta ɗora shayi kamar ba ta gani ba.

Na gode, Baba.
Ilona

Thunder Bay, Fabrairu

Zuwa ga Babana,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar tarin da ka ce ya dame ka. Ka bari likita ya duba, kada ka ce zai wuce.

Gidan yana da ɗumi. Inda na ajiye ma'aunin nan yake zama. Lauyata ta ce duk bayanin wanda ya kunna da wanda ya kashe yana cikin salular Garrett, za ta roƙi kotu ta sa a fito da shi, amma zai ɗauki lokaci, kuma shi ya riga ya ce na'urar ce ta samu matsala. Za a zauna a watan Afrilu. Ta tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa ganinsa yana yi. Na ce babu. A lokacin gaskiya na faɗa.

Ranar Laraba ina tsefe wa Tessa kai kafin makaranta, ta daɗe tana kallon bango. Ta ce, "Mama, ina baƙar na'urar?"

Na ce, "Na cire ta. Ta Kaka ta fi."

Can ta ce, "Babana ya ce wasan ya lalace."

Na ce wane wasa. Ta ce akwai wata da'ira a salularsa, in ka ja ta sama ta yi ja, in ka ja ta ƙasa ta yi shuɗi. Yakan ba ta ta yi in tana wurinsa. Wata Asabar ya ce su ga wanda zai fi saurin kai ta ƙasa, suka yi ta yi, ita ta ci. Ya ce mata gidan ba kowa, Mama ta tafi yawonta. Ashe ranar Talata ta ji Doreen tana ba wata mata labarin Asabar ɗin a bakin shago.

Matajin yana hannuna, ban san lokacin da na daina tsifar ba.

Baba, ga shaidar da lauya take nema, zaune a tsakanin gwiwoyina, shekararta tara. In na faɗa, za su sa ta a ɗaki da baƙi ta maimaita, ta gane abin da babanta ya sa hannunta ya yi. In na yi shiru, wataƙila a Afrilu su ba shi ita. Kwana da kwanaki ina juya maganar ban sami bakin zaren ba. Kada ka yi gaggawar ba ni amsa, ban ma tabbata amsa nake nema ba.

A Larabar nan dai, Tessa ta juyo, gashinta rabi a tsefe, idonta ya cika. Ta ce, "Mama, ranar nan kina gida?"

Na ce ina gida.

Ta ce, "Kin ji sanyi?"

Na juya kanta gaba na ci gaba da tsifa. Na ce, "A'a. Ko kaɗan. Wurin Doreen na yini muna shan miya."

Ka sa mu a addu'a.
'Yarka mai ƙaunarka,
Ilona