Hular da ta Rage a Hannuna

Rodos,
15 ga Nuwamba, 2012.

Zuwa ga yayana Nissim,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rebeka da yara. Yaya gwiwar taka? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa a yi maka aikin a sa'a. Mu nan lafiya lau, in ka cire abin da ka sani. Shekaranjiya na tashi daga zaman makoki na kwana bakwai, na yaye zannuwan da aka rufe madubai da su, na mayar wa maƙwabta kwanukansu. Na ci dafaffen ƙwai har ba na son ganin kaza. Kawu Bohor, aminin Baba, yana nan yana jan ƙafa. Kunnen hagu ya tafi gaba ɗaya, amma bakin yana nan daram. Ruwa ya sauka, masu shaguna sun fara ja wa ƙofofinsu kwaɗo, unguwa ta koma hannun kyanwoyi kamar kowace shekara.

A waya ka tambaye ni ko komai ya tafi daidai, na ce maka e. Ban yi niyyar ƙarya ba, bakina ne ya riga ni amsawa. Tun ranar Litinin ɗin da Baba ya cika haka nake: ina ci, ina sha, ina amsa gaisuwa, amma kamar wata ce take yi ina kallonta. Har yau ban yi kuka ba, kuma ba daurewa nake yi ba, babu ne kawai. Shi ya sa na ce bari in rubuto maka yadda aka yi tun kafin in fara jin wani abu in kasa.

Ka san abu ɗaya Baba ya roƙa. Bai damu da akwati ba, bai damu da dutsen kabari ba. Ya ce a karanta masa Kadish a bakin rami, addu'ar da ba a yin ta sai maza goma daga cikinmu Yahudawa sun tsaya. Ya sha faɗa mini cewa iyayensa da ƙannensa mata uku ba su sami kabari ba balle addu'a, shi kaɗai ne a gidansu zai samu, to a cika masa. Da a watan Yuli ya rasu, lokacin da jikokin mutanen unguwa suke cika majami'a daga ƙasashe, da har zaɓe za mu yi. Amma Baba, da bai taɓa sauƙaƙa wa kowa ba, sai ya jira Nuwamba. Mazan da suka rage a tsibirin nan masu iya tsayuwa biyar ne har da Kawu Bohor. An turo mana mai jan addu'a daga Atina, suka zama shida.

Na kira ka, ka ce jirgi biyu ne daga Cape Town, ga gwiwa, ba za ka iso Talata ba. Na ce ai an ɗaga zuwa Laraba. Ka ce za ka gani, ni kuma ban matsa ba. Dalilin ɗagawar shi ne ranar Laraba jirgin ruwan masu yawon buɗe ido na ƙarshe a bana zai tsaya, kuma an riga an ba ni mutum ashirin da uku in zaga da su unguwa. Kawu Bohor ya yi ta faɗa, wai ba a ajiye gawa ba dalili, kuma 'yar mamaci ba ta fita aiki ubanta yana kwance. Na ce masa ba aiki za ni ba, farautar maza za ni. Ya ce sai da na kai hamsin da biyu na tuna ana neman maza, da tun da wuri na yi da yanzu miji da 'ya'ya sun cike gurbin. Duk ɗakin aka yi dariya, ni ma na buɗe baki.

Kai ba ka taɓa ganina a bakin aiki ba. Ina ɗaga jar lema, suna bina, wannan yana neman ban-ɗaki, waccan tana tambaya ko har yanzu da akwai Yahudawa a nan, tana tambayata ni. A kowace kwana sai na ƙirga su, don in ɗaya ya ɓata jirgi ba ya jira. Shekara ashirin ina bi ta ƙarƙashin barandar Baba da su, kuma duk ranar da ya ga ina nuna su da yatsa sai ya leƙo ya ce, "Estrella, ki ƙirga hulunansu. Ba a ƙirga mutane." Ka san al'adarmu ce, amma shi nasa ya wuce al'ada. Yana ɗan shekara sha huɗu aka riƙa jera su safe da yamma a sansanin da aka tsare su lokacin yaƙi ana ƙirgawa, ya ce an ƙirga shi iya na rayuwarsa. Tun ina yi masa gardama har na saba, na koma ƙirga huluna da jakunkuna.

Ranar Larabar ma haka na yi. Na nuna musu majami'a, na nuna musu ƙofofin da har yanzu akwai sunayen masu su a dutse. Maganar tana fita da kanta kamar an kunna rediyo. A dandali na faɗi abin da nake faɗa kullum, cewa daga nan aka tafi da mutanenmu a 1944, kuma ƙalilan ne suka rayu. Daga nan na saba cewa ga ɗaya daga cikinsu can, in nuna baranda, Baba ya ɗaga musu hannu. Wallahi Yaya sai da na nuna. Kujerarsa tana nan da bargonsa a kai. Wasu daga cikinsu har suka ɗaga mata hannu, wani ya ɗauki hoto.

A nan na sauke lemar. Na ce musu mai kujerar ubana ne, ya rasu shekaranjiya, da ƙarfe biyu za a binne shi, ina neman Yahudawa maza huɗu, kuma na yi alkawarin mayar da su jirgi kafin biyar. Suka koma kallon takalmansu. Can wani likitan haƙori daga Amurka ya fito, sai wani Bafaranshe da surukinsa. Na jira ko da saura, babu. Na shiga majami'a na ɗebi hula goma daga kwandon da ake ajiye wa baƙi a bakin ƙofa, na zuba a jakata. Manolis maƙwabcinmu ya kwashe mu a tasinsa zuwa maƙabarta.

A bakin ƙofar maƙabarta na tsaya ina miƙa wa kowane namiji hula, har waɗanda suka zo da tasu na sa suka karɓa, ba wanda ya tambaye ni dalili. Ban nuna kowa da yatsa ba, ban furta ɗaya ko biyu ba. Da na ƙarshe ya wuce, na duba hannuna, hula ɗaya ta rage. Kawu Bohor ya kalli hannun, ya kawar da kai.

Matar likitan ta ce a majami'arsu ana lissafawa da mata, ga ni ga ta, ai an wuce goma. Kawu ya ce ya ji ana yin haka a can, amma mai wannan akwatin ba zai yarda ba. Gaskiyarsa ne, na san Baba. Ni da na yi shekara biyu ina yi masa wanka ba na cikin lissafi, kuma na laluba zuciyata ko zan ji haushi, ban samu ba. Manolis ya matso ya ce shekara arba'in suna buga darar tawula da marigayin, shi ko da yake ba Bayahude ba ne a ba shi hular ya tsaya, ko shiru ne ya yi. Kawu ya rungume shi, ya ce masa, "Da da hali, ɗana, da kai zan fara sa wa." Manolis ya koma jikin motarsa ya yi kukan da ya kamata a ce ni na yi.

Muka yi ta jira har kusan ƙarfe huɗu. Ban san me sauran suke jira ba. Ni dai ƙofa nake kallo. Bafaranshen ya fara duba agogo a ɓoye, ban ga laifinsa ba. A ƙarshe mai jan addu'a ya karanta Zabura, aka saukar da Baba, kowa ya zuba ƙasa. Ba a karanta Kadish ba. Na mayar da baƙin jirgi saura minti ashirin, na yi musu godiya, har na ji kaina ina ce musu su sake dawowa baɗi.

Yaya, ba zarginka nake yi ba, ba ni da ƙarfin zargi. Na tuna ranar da ka tafi, shekara talatin da ɗaya ke nan, ka ce wa Baba ba za ka zauna gadin kaburbura da gidajen da ba kowa ba, na kuma tuna abin da ya mayar maka, wanda bai kamata uba ya faɗa ba. Sai dai ka san sanin lokutan jirage sana'ata ce. Na duba, akwai wanda da ka hau ranar Talata da yamma, da ƙarfe ɗaya na ranar Laraba kana Rodos. Na faɗa maka ne don kada ka zaci ban sani ba, kuma ba zan sake ɗaga maganar ba.

Abin da ya rage a hannunka yake. Wata goma sha ɗaya ɗa yake karanta wa ubansa Kadish, kuma ɗa ɗaya Baba ya bari. Rebeka ta ce mini tun da ka sauka can ba ka taka majami'a ba, ga ta kuwa a bayan layinku, cike da maza kowace safiya. Kai ba sai ka jira jirgin ruwa ba, ba sai ka roƙi kowa a dandali ba.

Ka gaishe mini da Rebeka, ka ce na ga saƙonta, na gode. Ka gaishe da Haim da amaryarsa, da Luna, ka ce mata kakanta ya bar mata akwatin hotuna. Kawu Bohor yana gaishe ka, Manolis ma haka.

Za ka ji ambulan ɗin ya ɗan yi kauri. Huluna tara na mayar cikin kwando. Ta goman ce na ninke maka a ciki, don tun a bakin ƙofar maƙabarta na san ta wane ce.

Ƙanwarka,
Estrella.